Maigidana ya cika gida da zanen kaboyi, ya ce jari ne

Assalamu alaikum Anti. Ina zaune a Arlington ta jihar Teksas da maigidana da 'ya'yanmu uku, yau shekara goma sha ɗaya. Mutumin kirki ne, bai taɓa barinmu da yunwa ba, ba ya yawon banza. Matsalata da shi ɗaya ce, hotunan kaboyi. Shekara huɗu ke nan yana sayen zanen masu dawaki da shanu, irin wanda ake bugawa da lamba a ƙasa da sa hannun mai zanen. Yanzu sun kai 32. Falo ya cika, wasu suna ƙarƙashin gado, wasu a gareji. Da na yi magana sai ya ce jari ne, adadinsu ƙayyadadde ne, in suka ƙare a kasuwa kuɗinsu zai ninka, da su zai aurar da yara. Watan jiya na gano ya ciri dala 2,400 daga kuɗin da muke tarawa na ginin gidanmu a Kano ya sayi guda biyu, bai gaya mini ba. Da na tuhume shi ya yi shiru, can ya ce da marigayi mahaifinsa suke kallon fim ɗin kaboyi a talabijin yana yaro, ni ba zan gane ba. Yayata ta ce in kai ƙararsa wurin manya a gida. Ƙawata ta ce in kwashe in sayar yana wurin aiki. Ga kuma zancen ajiye hoto a gida da ke damuna. Anti, da gaske jari ne? Me zan yi?

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raya zuri'a, ya jiƙan surukinki.

Zan fara da tambayar jari, don ita na fi sani. A farkon zuwana ƙasar nan na yi shekara huɗu a wani shagon sa wa hotuna firam, kuma irin waɗannan da kike faɗa sun bi ta hannuna ba adadi. Amsar ita ce a'a. Ba jari ba ne, aƙalla ba irin wanda ake aurar da 'ya'ya da shi ba. Sai dai ina roƙonki kada ki ɗauki amsar nan da zafinta ki je ki buga masa a fuska. Ki bari mu kai ƙarshe tukuna.

Ga yadda sana'ar take. Mai zane yakan ɗauki makonni ko watanni yana aikin zane ɗaya da fenti a kan ƙyalle. Wannan shi ne na asali, guda ɗaya tak a duniya. Daga nan kamfanin ɗab'i ya ɗauki hotonsa ya buga kwafi ɗari biyar, ko dubu, ko fiye, mai zanen ya bi su ɗaya bayan ɗaya da fensir yana sa hannu, a rubuta wa kowanne lamba. Ki sauko da ɗaya daga bangon falonku ki duba farin gefen takardar ta ƙasa. Za ki ga wani abu kamar 412/1500. Wato shi ne na 412 cikin 1,500. Masu saye sukan ruɗu da lambar sama, su ce ƙarama ta fi daraja, alhali inji ɗaya ne ya bugo su duka, na farko da na ƙarshe ba su da maraba. Lambar ƙasa ce abin dubawa, ita ke gaya miki cewa akwai wasu 1,499 irinsa sak a bangon wasu gidajen. Wani lokaci za ki ga an rubuta AP a madadin lamba. Wannan kason mai zanen ne da ake warewa daban, ana ɗan ƙara masa kuɗi, amma takarda ɗaya ce, tawada ɗaya.

Labarin makudan kuɗi da maigidanki yake ji gaskiya ne, sai dai ba na kayansa ba ne. A 2005 an sayar da wani zanen Charles Russell, shahararren mai zanen kaboyi, a gwanjon Coeur d'Alene da ake yi a birnin Reno kan dala miliyan 5.6. Zanen Howard Terpning, wanda ya fara da zana fastocin fina-finai kafin ya koma zanen 'yan asalin Amurka, ya sha haura dala miliyan ɗaya. Duk waɗannan na asali ne, waɗanda hannun mai zanen ya shafa wa fenti. Mai talla yakan ba ka labarin na asalin yayin da yake miƙa maka kwafin, kuma ba lalle ya yi ƙarya ko kalma ɗaya ba. Kai ne za ka haɗa biyun a ranka.

Kasuwar kwafi mai lamba ta yi tashenta daga shekarun 1970 zuwa na 1990. Kamfanin Greenwich Workshop, wanda aka kafa a 1972, yana cikin manyan da suka yi suna da ita. A lokacin an ga wasu kwafin farko-farko sun ninka kuɗinsu, jama'a suka yi caa. Da masu saye suka yawaita sai adadin da ake bugawa ya yi ta hawa. Akwai wani zanen Bev Doolittle, mai ɓoye siffofi a cikin duwatsu da itatuwa, da aka buga a 1989 ya kusa kwafi dubu 70. Abin da aka buga dubu 70 ba zai taɓa wuyar samu ba. Yau waɗanda suka saya a wancan zamani sun tsufa, da yawa sun rasu, 'ya'yansu kuma ba su da sha'awar doki a bango. Kayan suna ta fitowa kasuwa daga gidajen gado, masu nema suna raguwa.

Ba zan manta da wata tsohuwa Baturiya da ta shigo shagonmu ba. Ta zo da wata faffaɗar jaka rungume a ƙirji, ciki kwafi goma sha wani abu da mijinta ya bari. Ko firam bai taɓa sa musu ba don kada su lalace. Kowanne yana cikin ambulan ɗinsa na kamfani, da takardar shaida mai tambarin zinariya. Ya gaya mata kafin ya rasu cewa in ta shiga matsi ta sayar. Mai shagon ya zauna da ita gaban kwamfuta suka bi su ɗaya-ɗaya. Biyu sun ɗan haura abin da aka saye su, sauran ko rabi ba su kai ba. Ba ta yi kuka ba. Ta mayar da kowanne ambulan ɗinsa a hankali, tana daidaita bakin takardar da yatsa, ta ce a sa wa guda ɗaya firam, wanda ya fi so, ta rataye. Tun ranar nake jin nauyi in na ji an kira abin nan jari.

Ke kin san gwal. In kika kai sarƙarki kasuwa za a ɗora ta a sikeli, farashin ranar sananne ne, a ƙirga miki kuɗinki kafin la'asar. Kwafin zane sai ya sami wanda yake son wannan zanen, a wannan lokacin. Dillali ba zai saya a farashin da zai sayar ba. Gidan gwanjo zai cire kasonsa. Firam ɗin da aka kashe wa ɗaruruwan daloli, mai saye ba ya lissafa shi, wani ma cewa zai yi a cire don aikawa da gilashi tsada ne.

Ban ce duka 32 ɗin ba su da daraja ba. In adadin bugun kaɗan ne, in mai zanen yana da masu nemansa har yanzu, in takardar ba ta koɗe ba, kwafi yakan riƙe kuɗinsa, wani ma ya ɗara. Akwai kuma wanda mai zanen ya sassaƙa da hannunsa a kan farantin ƙarfe ko ya zana a kan dutse aka buga daga nan, wannan aji ne daban, ya fi na inji. Za ki iya rarrabewa da gilashin ƙara girma na 'yan daloli. Ki kara shi a kan sararin samaniyar zanen. In kika ga ɗige-ɗige a jere kamar na hoton mujalla, bugun injin ɗab'i ne. Na yanzu da yawa kuma feshin tawada ne daga babbar firinta, wanda tun 1991 ake kira jikile, kalmar Faransanci. Yana da kyau a ido, a kan ƙyalle ma ake yin sa har ya yi kama da na asali, amma kwafi ne. Abu ɗaya da za ki kula da shi sosai: Frederic Remington, shi ma shahararren mai zanen kaboyi, ya rasu a 1909, Russell a 1926. Duk sabuwar takarda mai lamba da ke ɗauke da sunan ɗayansu, ba hannunsa ne ya taɓa ta ba, kowa yana iya buga zanensu yanzu. Tsofaffin bugu na zamanin Remington, irin waɗanda mujallar Collier's ta fitar, su ne ke da masu nema, kuma ba su ake tallatawa da takardar shaida mai sheƙi ba. Ita ma takardar shaidar, wanda ya sayar maka ne ya buga ta.

To, wannan ke nan game da takarda. Yanzu mu zo ga mutumin.

Na daɗe a kan wurin da kika ce ya yi shiru. Magidanci mai iyali, wanda 'yan'uwa a gida suke kallo a matsayin wanda ya tafi Amurka ya samu, da wuya ya buɗe baki ya ce ina kewar babana, kuma in na kalli hoton nan raina yana sanyi. Kunya ba za ta bar shi ba. Amma jari magana ce ta manya, ba mai raina ta. Ina kyautata zaton ya fara faɗar ta ne don ya kare kansa a wurinki, ya yi ta maimaitawa har shi ma ya gaskata. Kuma duba illar da ta yi masa. Mai son zane don ya kalla, guda uku sun ishe shi. Mai tara jari kuwa ba ya ƙoshi, shi ya sa aka kai 32, har wasu suna kwance a gareji ba mai ganinsu.

Da ya ce ba za ki gane ba, ni ina ganin za ki gane. Wanda ya taso a ƙasarmu lokacin talabijin baƙi da fari ya san matsayin kaboyi. Yara suna yanka kara su yi bindiga, su hau wani karan su yi sukuwa a lungu. Har a Nijar, Mustafa Alasan ya yi fim a 1966 a kan samarin ƙauye da suka sa hula da takalman kaboyi suka hau dawaki. Mu mutanen doki ne da shanu tun asali, ba abin mamaki ba ne da abin ya shige mu. Shi kansa zanen nan, kewa ce ta haife shi. Zamanin da ake koro garken shanu daga Teksas zuwa tashoshin jirgin ƙasa na Kansas bai wuce shekara ashirin da 'yan kai ba bayan yaƙin basasar Amurka da ya ƙare a 1865. Waya mai ƙaya da aka yi wa rajista a 1874 ta killace makiyaya, layin dogo ya iso, sanyin 1886 zuwa 1887 ya kashe shanu ba iyaka a jihohin arewacin ƙasar. Russell yana kiwo a Montana a wannan hunturun, kuma abin da ya fara fito da sunansa ɗan zane ne kamar girman katin gaisuwa, na wata ramammiyar saniya tsaye cikin ƙanƙara kyarketai suna kewaya ta. Yawancin aikinsa da na Remington sun yi shi ne lokacin da duniyar da suke zanawa take ƙarewa a gabansu. Su masu zanen suna kewar wani zamani, mijinki yana kewar wani mutum da ya zauna kusa da shi a gaban akwatin talabijin. Wannan ba abin kunya ba ne, kuma ke ce za ki iya nuna masa haka.

Shawarar ƙawarki ki ajiye ta gefe. In kika sayar a bayan idonsa kin rama ɓoyo da ɓoyo, kuma cikin gaggawa za ki zubar da masu ɗan daraja a farashin marasa daraja. Ta yayarki ma ba yanzu ba. In magana ta isa Kano, abin da za a ji shi ne wane yana can yana sayen hoton doki da dala, kuma wannan tabon zai daɗe bai goge ba. Ki riƙe ta a hannu. In ya sake taɓa kuɗin bayan kun yi magana, a lokacin manya suna da hurumi.

Ki nemi daren da yara suka yi barci, ba ranar da kuka yi faɗa ba. Kada ki fara da kuɗi. Ki ce, Baban yara, wanne ne a cikinsu ya fi tuna maka da Baba? Ki bar shi ya nuna miki, ya ba ki labarin, komai tsawonsa. Bayan wannan, a wani zaman, ki ce masa tunda jari ne, ya kamata mu san nawa muka mallaka. Ku ɗauki littafi ku rubuta kowanne: sunan mai zane, sunan zanen, lambarsa, abin da aka biya har da firam. Sai ku shiga eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, ku zaɓi wurin da ke nuna waɗanda aka riga aka sayar. Wannan ne muhimmi, domin kowa yana iya rubuta dala dubu uku a kan kayansa su shekara ba mai tayawa. Abin da wani ya ciro daga aljihunsa ya biya shi ne farashi. Shafin LiveAuctioneers ma yana nuna sakamakon gwanjon da suka wuce. Ki bar shi ya riƙa dannawa da kansa. Gani ya kori ji, kuma abin da mutum ya gano da idonsa ya fi saurin karɓa a kan wanda matarsa ta gaya masa. In fuskarsa ta canza, kada ki ce ai na faɗa maka. Ranar zai ji ciwo, ki zama a ɓangarensa.

Kuɗin gini kuwa, a nan ba na sassauta masa. Amana ce ta ku biyu, da guminki a ciki, kuma cirewa a ɓoye laifi ne ko da gwal ya saya da su. Ki faɗa masa wannan a fili, sau ɗaya, ba da ihu ba: ba zanen ne ya fi ƙona mini rai ba, ɓoyewar ce. Dala 2,400 ɗin nan ya mayar, ko daga albashi kaɗan-kaɗan, ko daga abin da za a sayar. Guda biyun da ya saya watan jiya, ku duba rasit, wasu masu sayarwa suna karɓar kaya in ba a daɗe ba. Daga nan ku sa wa asusun ginin saƙon da ke shigowa wayar kowannenku duk sanda aka taɓa shi. Shi kuma ku yanka masa wani abu sananne a wata ko a shekara, gwargwadon ƙarfinku, wanda nasa ne ya yi sha'awarsa ba tare da ya nemi hujja ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. In kika toshe ƙofar gaba ɗaya, ta taga zai riƙa bi.

Na garejin ku shigo da su cikin makon nan. Zafin Teksas da laimarta suna sa takarda ta kumbura ta yi tabo ruwan ƙasa, kuma kwafin da ya yi tabo ya gama yawo. Na bango kuma ku kawar da su daga inda rana ke bugawa. Ja da rawaya ne ke fara gudu, sai ki ga faɗuwar rana ta koma shuɗi-shuɗi. Waɗanda zai riƙe, a sa musu kwali marar asid da gilashi mai tare hasken rana. Waɗanda ba su da firam a kwantar da su a shimfiɗe, kada a naɗe.

Zancen hoto a gida, malamai sun yi magana a kai kuma sun saɓa. Akwai masu hana rataye duk hoton abu mai rai, akwai masu bambanta mutum-mutumi mai inuwa da abin da ke kan takarda. Ni ba malama ba ce, ku je tare wurin malamin da ku biyu kuka yarda da shi. Abin da zan ce kawai, kada ki jawo wannan ki yi sanda da shi a rigimar kuɗi, don zai ji kamar dabara ce, ya ƙi sauraron duka biyun. Kafin ku tambaya, ku cire su daga ɗakin da kuke salla. Cikin zanen yammacin Amurka akwai na duwatsu da fili da sararin sama zalla, in ya zo saye nan gaba.

Kuma kuna zaune a bakin rijiya. Fort Worth ba ta kai muku tafiyar awa ɗaya ba. Gidan adana zane na Amon Carter da na Sid Richardson duk suna da Remington da Russell na asali, kuma shiga kyauta ne. Wanda ya tsaya gab da na asali ya ga tudun fenti da sawun buroshi, kwafi yakan rage masa kwarjini. A tsohuwar kasuwar shanu ta Stockyards kullum sau biyu ake koro shanu masu dogon ƙaho a kan titi, da ƙarfe 11:30 da ƙarfe 4, ƙahonninsu za su tuna miki da na Bororo. A nan kuma akwai mutum-mutumin Bill Pickett, baƙar fata ne da ya yi suna wajen kayar da bijimi. Ku nuna wa yara, su san cewa baƙaƙe da 'yan Meziko da yawa ne suka yi kiwon nan, ko da yake fina-finan da kakansu ya kalla ba su cika nuna su ba. Ki bar babansu ya zama mai bayani ranar.

Idan an sayar da waɗanda za a sayar, an mayar da kuɗin gini, ki ba shi shawara ya ware wani abu daga ragowar, komai ƙanƙantarsa, a yi wa Baba sadaka da shi a unguwarsu, ko ruwa ko gyaran masallacin da yake salla. Ki rubuto mini bayan kun yi zaman littafin, ina so in ji wanne ya nuna miki.